Asalin Gyaran da Gwani Yake Yi wa Ɗan Koyon Hoton Daji da Duwatsu

Idan ɗan koyo ya ɗauko hoton dutse, ko na kogi, ko na fili mai faɗi wanda hadari ya haɗo a kansa, ya kai wa wanda ya riga shi shiga sana'ar domin ya duba masa, to, ko a wace ƙasa suke, kuma ko da wane harshe suke magana, gyaran da zai ji ba ya wuce waɗansu 'yan kalmomi da aka daɗe ana nanatawa: za a ce masa samaniya ta ƙone ta yi fari fat, layin da ya raba sama da ƙasa ya karkace, bai sa komai a goshin hoton da ido zai fara sauka a kansa ba, ya ɗauka da rana tsaka alhali ya kamata ya yi haƙuri sai la'asar sakaliya, hannunsa kuma ya yi rawa saboda bai kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku ba. Ɗan koyo yakan karɓi waɗannan kalmomi ba tare da musu ba, shi ma mai faɗarsu sau da yawa haka ya karɓo su daga maigidansa bai nemi hujja ba. Amma kowace ɗaya daga cikinsu akwai wahalar da ta haife ta, a wani gari, a wata shekara, a hannun wani mutum da aka san sunansa, kuma wanda ya bi diddigi zai tarar waɗansu sababinsu yana nan daram, waɗansu kuwa ya daɗe da gushewa ya bar hukuncin yana yawo shi kaɗai.

Akwatin da ake ɗaukar hoto da shi ya girmi hoton kansa nesa ba kusa ba, domin Alhasan ɗan Haisam, malamin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya riga ya yi tahaƙiƙin yadda haske yake tafiya a miƙe, da yadda yake ratsa 'yar ƙaramar kafa ya sauka a bangon ɗaki mai duhu, ya kuma rubuta bayanin a cikin Kitabul Manazir. Abin da ya gagari mutane kusan shekara 800 bayansa shi ne yadda za a kama wannan sura a hana ta gushewa. Hoton kyamara mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a 1826 ko 1827, a kan farantin ƙarfe da ya shafe da wani irin kwalta, hoton rufin gidaje ne da bango, domin kuwa babu mai rai da zai iya zama bai motsa ba na tsawon awa takwas ko fiye da aikin ya ci, har rana ta haska ginin ta gabas ta kuma haska shi ta yamma a cikin hoto guda. Nasihar kafa kyamara a kan ƙafafu ita ce babbar yaya a cikin nasihohin nan, tare da sana'ar aka haife ta.

Amma zamanin da ya rene hoton daji da duwatsu ya mai da shi sana'a mai ƙa'idoji ya fara ne a 1851, lokacin da Bature ɗan Ingila Frederick Scott Archer ya bayyana hanyar allon gilashi mai danshi. Mai hoto zai zuba wa gilashin wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyan, ya karkata shi har ya bi ko'ina daidai, ya tsoma shi a ruwan azurfa cikin duhu, ya ruga da shi zuwa kyamara, ya ɗauka, ya komo ya wanke, duk a cikin minti goma zuwa goma sha biyar, kafin ruwan ya bushe aikin ya lalace. Wato ke nan duk inda mutum zai je, ko ƙwanƙolin dutse ne ko tsakiyar hamada, tilas ɗakin duhunsa ya bi shi, da tanti, da kwalabe, da ruwan wanki, da akwatunan gilashi masu nauyi. Francis Frith, wanda ya yi ta zuwa Masar daga 1856, ya ba da labarin yadda maganin yake tafasa a kan gilashi saboda zafin da ke cikin tantinsa. Auguste-Rosalie Bisson ya hau dutsen Mont Blanc a 1861 da 'yan dako 25. A wannan shekarar dai Carleton Watkins ya shiga kwarin Yosemite a Kalifoniya da ayarin alfadarai, ɗauke da kyamara mai cin gilashi inci 18 a faɗi da inci 22 a tsawo, saboda a lokacin girman gilashi shi ne girman hoto, ba a saba ƙara shi a wajen wanki ba; hotunan da ya fito da su suna cikin abubuwan da suka taimaka har Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin a 1864, kamar yadda hotunan William Henry Jackson na 1871 suka taimaka aka keɓe Yellowstone a 1872.

Mutumin da ya yi wannan ɗawainiya, wanda ya san kowane gilashi guda an ɗauko masa shi a bayan dabba tafiyar kwanaki, kuma ya san in alfadari ya zame aikin makonni zai farfashe, kamar yadda ya faru da Jackson a 1873 har sai da ya koma ya sake, ba ya buɗe idon kyamararsa da garaje; yakan zagaya wurin, ya lura da inda rana take fitowa, ya jira iska ta kwanta domin ganye su daina kaɗawa, ya jira inuwa ta faɗa inda za ta fito da tsagar dutse. Daga nan nasihar haƙuri da jiran haske ta fito, tsadar gilashi ce malaminta na farko. Gyaran da yaron shago yake sha a wancan zamani kuwa mafi yawansa na hannu ne, na ƙura da ta faɗa wa gilashi, da shatar yatsa, da zanen da ruwa ya bari inda aka yi jinkirin zubawa. Maganar kyau da tsari sai wanda hannunsa ya faɗa ake yi wa ita. Sa wani abu a goshin hoto, kamar itace ko falalen dutse, wannan daga masu zane aka aro shi, domin tun ƙarni na 17 Claude Lorrain yake tsai da itatuwa a gefen zanensa su ja ido zuwa nesa. Sai kasuwar tagwayen hotuna, waɗanda ake leƙawa ta tabarau a gan su da zurfi, ta mai da abin kusan wajibi, saboda dutsen da ke nesa ba ya nuna zurfi a cikin tabarau ɗin sai da wani abu na kusa da za a gwada shi da shi.

Mas'alar samaniya ta fi duk sauran tarihi, ta kuma fi su cancantar a tsaya a kanta. Gilashin kolodiyan shuɗin haske yake ji fiye da kima, ja da rawaya kuwa kamar makaho yake gare su, saboda haka kafin ƙasa da itatuwa su samu hasken da ya ishe su samaniya ta riga ta sha fiye da ƙima, girgije da shuɗi sun narke sun zama fari ɗaya. Shi ya sa tsofaffin hotuna da yawa za ka gan su kamar an ɗauke su ƙarƙashin farar takarda. Waɗansu suka riƙa shafe samaniyar da baƙin fenti a kan gilashi domin ta fito fara tas ba dabbare-dabbare. Gustave Le Gray, wanda ya fara da koyon zane a Faris, ya bi wata hanya a hotunansa na teku na 1856 da 1857: a waɗansunsu yakan ɗauki ruwa a gilashi ɗaya da hasken da ya dace da shi, ya ɗauki girgije a wani gilashin da nasa hasken, sannan ya haɗa su a takarda guda inda sama ta taɓa ruwa, har mutanen Landan da Faris suka yi ta mamakin yadda aka kama igiyar ruwa da girgije a lokaci ɗaya. Ba da jimawa ba masu hoto suka shiga tara gilasan girgije a shagunansu, mutum ya ɗora girgijen wannan gari a kan dutsen wancan, shi ya sa aka ƙaro sabon gyara ga ɗan koyo, cewa ya lura kada hasken girgijensa ya zo daga dama na ƙasarsa kuwa daga hagu. Masu cewa a yau haɗa hotuna biyu a kwamfuta bidi'a ce da ta ɓata sana'a, ya kamata su sani bidi'ar ta girmi kakanninsu. Shi Le Gray, wanda ya koyar da mutane da dama, cikinsu har da wani marubuci Maxime Du Camp kafin tafiyarsa Masar a 1849, bashi ya kore shi daga Faransa a 1860, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira yana koyar da zane, ya rasu a can a 1884, a garin da ɗan Haisam ya rasu. Maganin asalin cutar kuwa, wato makantar gilashi ga waɗansu launuka, daga Jamus ya ɓullo, inda Hermann Vogel ya gano a 1873 cewa rini yana sa gilashi ya ji waɗansu launukan, sai a 1906 aka fara sayar da gilashin da yake jin dukkan launuka a Ingila.

Al'adar zama a duba hoton wani a yi masa sharhi a gaban jama'a, wadda ta bambanta da gyaran maigida ga yaronsa, ƙungiyoyi ne suka kawo ta. An kafa ta Landan a 1853, ta Faransa a 1854, amma al'adar ba ta bunƙasa sosai ba sai da busasshen gilashi ya fito bayan 1871, sannan George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a 1888 da fim mai cin hoto 100, ya biyo da Brownie ta dala ɗaya a 1900, sai ga likitoci da akawuna da malaman makaranta duk sun zama masu hoto, ba su da maigida, ba su taɓa wanke kwalba a shagon kowa ba, kuma kowa yana son a gaya masa ko ya iya. Kulob-kulob suka cika garuruwa, mujallu suka buɗe shafin da mutum zai aiko da hotonsa a yi masa hukunci, waɗansu ma suka riƙa aika jakar hotuna ta gidan waya tana zagaya 'yan ƙungiya, kowa ya rubuta ra'ayinsa a kan aikin ɗan'uwansa ya tura gaba. To, alƙalin da aka jibge wa hotuna barkatai ya yanke musu hukunci a dare ɗaya yana bukatar ma'auni mai saurin aiki, sai ya miƙa hannu ga littattafan masu zane. Ƙa'idar kasa hoto kashi uku, a sa layin sama a kashi ɗaya, a guji tsakiya, wani mai zane ne John Thomas Smith ya ba ta suna tun 1797, kafin a san hoto, littafin Henry Peach Robinson na 1869 kuwa ya cika masu hoto da dokokin daidaita nauyi da tsara siffofi kamar dala. A ganina wannan ƙa'ida ta kashi uku ta fi yi wa alƙali amfani a kan mai hoto, ba ta kuma daɗe haka ba sai don tana da sauƙin faɗa ga wanda ba shi da lokacin duba abin da aka nuna masa.

Wanda ya tasam ma Robinson da raddi shi ne Peter Henry Emerson, likita wanda ya bar aikin asibiti ya koma ɗaukar masunta da masu yankan kyauro a fadamun Norfolk, mutum mai kaifin harshe wanda ba ya raga wa abokin jayayya. A littafinsa na 1889, wanda ya rubuta musamman domin ɗalibai, ya kafa hujja da cewa idon ɗan Adam abu ɗaya yake gani tar a lokaci guda, sauran kuwa dishi-dishi, don haka mai hoto ya kaifafa abin da ya nufa kaɗai ya bar saura su yi laushi, ya kuma daina ɗinke-ɗinken gilasai. Shi ne a 1887, yana alƙalancin gasar wata mujallar Landan, ya ba wani saurayi Ba'amurke mai shekara 23, ɗalibin Vogel a Jamus, lambar farko saboda hoton mutane a wani gari na Italiya, don ya ga babu shiri ko ƙaƙale a cikinsa. Saurayin shi ne Alfred Stieglitz, kuma da wuya a sami wata kalmar ƙarfafa gwiwa a tarihin sana'ar da ta haifi abin da wannan ta haifa. Amma dubi ƙarshen fatawar: da waɗansu masu bincike biyu, Hurter da Driffield, suka fitar da bincikensu a 1890 kan yadda gilashi yake amsa haske bisa lissafi, Emerson ya fahimci cewa ikon mai hoto a kan duhu da haske bai kai yadda ya zata ba, sai ya buga 'yar ƙasida mai baƙin gefe irin ta ta'aziyya, ya janye maganarsa, ya ce hoto ba ya cikin manyan fasahohi. Almajiransa dai ba su janye ba. Dishi-dishin ya zama mazhaba, har ya kasance wajen 1900 ɗan koyon da ya kawo hoto mai kaifi ko'ina ana ce masa aikin masu safiyo ya yi.

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka gyaran ya juye gaba ɗaya. A 1932 Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da Willard Van Dyke da waɗansu abokansu suka yi baje koli a San Faransisko da sunan f/64, wato lambar ƙaramar ƙofar haske a idon babbar kyamara, domin gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙanƙantar ƙofar, kuma ƙaramar ƙofa ita take sa tsakuwar da ke gabanka da dutsen da ke can nesa su fito tar baki ɗaya. Daga gare su aka gaji nasihar matse ƙofar haske, wadda har gobe ake faɗa wa masu ƙananan kyamarori ba tare da an gaya musu cewa lambar ta dace ne da fim mai inci 8 da 10 ba, kuma cewa a ƙaramar kyamara matsewa fiye da kima tana sa haske ya bazu hoton ya dusashe, shi ya sa f/8 ko f/11 ta fi musu.

Adams, wanda aka haifa a 1902, ya fara zuwa Yosemite a 1916 da Brownie a hannu, ya kuma yi shekaru yana shirin zama makaɗin fiyano, shi ne ya canza irin tambayar da ake yi wa ɗan koyo. A 1927, yana gaban dutsen Half Dome da sauran gilashi biyu kacal, ya ɗauki na farko da rawayan gilashi a gaban idon kyamara bisa al'ada, sai ya gane wannan zai ba shi abin da yake wurin amma ba zai ba shi abin da ya ji a ransa ba, ya sa jan gilashi a na ƙarshen, samaniya ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya da kwarjininsa. Daga ranar ya riƙe cewa tilas mai hoto ya ga hotonsa a zuci kafin ya ɗauka. Wajen 1940 shi da Fred Archer, suna koyarwa a Los Anjalas, suka tsara ma'aunin da ya kasa haske matakai goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, na biyar shi ne toka-toka na tsakiya, kowane mataki ninkin hasken na bayansa ne. Fa'idar wannan a wajen gyara babba ce, domin maimakon malami ya ce hoton bai yi masa ba, magana wadda almajiri ba zai iya aiki da ita ba, sai ya tambaye shi a wane mataki ya ajiye inuwar dutsen, ya nuna masa cewa inuwar da ake son a ga abin da ke cikinta ba ta sauka ƙasa da mataki na uku, ya kuma fahimtar da shi cewa na'urar awon haske komai aka nuna mata toka-toka take ɗaukarsa, don haka ƙanƙara takan fito da dauɗa in ba a ƙara mata haske ba. Wannan hukunci sababinsa yana nan da ransa, duk wanda ya ɗauki farin rairayi ko hazon hunturu da kyamarar zamani ya ga hoton ya fito a dushe ya gamu da shi. Adams ya kafa sashen koyar da hoto a makarantar fasaha ta San Faransisko, inda Minor White ya zo a 1946, mutumin da aka sani da salon sa ɗalibai su daɗe shiru a gaban hoto kafin kowa ya buɗe baki, sannan daga 1955 zuwa 1981 Adams ya riƙa tara ɗalibai a Yosemite kowace shekara.

Sai dai abin da ya sami Emerson ya sami Adams ta wata fuskar, wato mabiya sun ɗauki ijtihadin malami sun mai da shi taƙlidi, suna tururuwa zuwa wuraren da ya tsaya domin su sake ɗaukar abin da ya riga ya ɗauka, suna kuma yi wa na bayansu gyara da shi. Raddin ya zo a 1975 a garin Rochester, inda aka baje hotunan Robert Adams da Lewis Baltz da Stephen Shore da Bernd da Hilla Becher da waɗansu, hotunan sababbin unguwanni da rumbunan masana'antu da filayen ajiye motoci, da yawa cikin haske maras inuwa, abin a tsakiyar hoto ƙiri-ƙiri. Duk abin da kulob yake kira kuskure aka rataye shi a bangon gidan tarihi. A shekarar nan, a garin nan, wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar da ba ta cin fim, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Zuriyarta ce ta kashe tsadar gilashi, ta kuma juya wata tsohuwar ƙa'ida, domin mai fim inuwa yake tsoron ya rasa, mai kyamarar zamani kuwa farin yake tsoro, tun da samaniyar da ta ƙone a cikinta babu dabarar da za ta komo da ita.

Saboda haka ina roƙon gwanayenmu, in sun yi wa yaro gyara, su haɗa masa da dalilin, su kuma fara tambayarsa abin da ya tsai da shi a wurin kafin su auna masa kashi uku, shi ma yaron ba rashin ladabi ba ne ya ce, “Maigida, wace matsala wannan doka take magani?” Akwai ma guda ɗaya da ya kamata a gyara mana ita musamman. Littattafan da suke cewa a jira sa'ar da hasken rana yake yin ja-ja kafin faɗuwarta a ƙasashen arewacin duniya aka rubuta su, inda rana take gangarowa a karkace ta daɗe tana bin gefen sama. A Kano ko Damagaram kuwa, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, kusan a miƙe take sauka, daraja ɗaya cikin kamar minti huɗu, hasken kuma ba ya kai sa'a. Mai son ya same shi sai ya isa wurin da zarar an idar da sallar la'asar, ya zaɓi matsayinsa, ya kafa kyamara, ya gama awon haskensa tun rana tana sama.